Makiyayi da Garkensa: Dogaron Kirista ga Ubangiji a Fadamar Haɗeja

Shirin faɗakarwa na yau zai duba wata tsohuwar siffa da Kiristoci suke bayyana dogaronsu ga Allah da ita, wato siffar makiyayi da garkensa, kuma zai auna ta da kiwo kamar yadda ake yin sa a ƙasar Haɗeja, inda ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan garke da mashaya da burtali ba. Abin da ake nufi da dogaro a nan shi ne mutum ya sallama al'amarinsa ga Ubangiji a kan ja-gora da kariya da tanadin abin bukata, alhali bai ajiye fartanyarsa ko komarsa ko sandarsa ba. Masu sauraro Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a wannan masarauta, ba za su ji maganar baƙuwa ba, domin sun san Zabura a matsayin littafin da aka bai wa Annabi Dawuda, kuma sun san hadisan da suka nuna cewa annabawa sun yi kiwon tumaki, da kuma cewa kowane shugaba makiyayi ne da za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo.

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya iso Auyo da Haɗeja, sannan ya rarrabu cikin rassa da tafkuna a ƙasashen Kiri Kasamma da Guri har zuwa Nguru, kafin ruwansa ya gamu da na Kogin Jama'are a wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda yake zuba a Tafkin Chadi. A watannin Agusta da Satumba ruwa yakan cika ya malale fadama, sai masu dabbobi su hau jigawa da garkensu, su nisanci laka da sauro da gonakin shinkafa. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara janyewa, yakan bar ɗanyar ciyawa a bayansa a daidai lokacin da tudu ya bushe, sai garkunan shanu da na tumakin Uda su gangaro, wasu daga cikin jihar Jigawa, wasu daga Jamhuriyar Nijar, su kafa mashekari su ci rani. Da bazara kuwa, lokacin da fadamar ma ta fara gazawa, makiyayi yakan koma ga sassabe rassan gawo, wanda shi ne itacen da ke riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, da sayen harawa da dusa, da tono rijiya a cikin yashin kogi.

Abin lura a cikin wannan zagaye shi ne cewa kyakkyawan wurin kiwo ba wuri ɗaya ba ne da za a kai garke a bar shi a can. Wurin da ya ciyar da shanu a watan Janairu shi ne zai nutsar da su a watan Satumba, kuma jigawar da ta tsirar da su da damina ita ce za ta kashe su da yunwa idan suka daɗe a kanta har bazara. Saboda haka dabbar da ke cikin garke ba ga wani fili ko wani tafki take dogara ba, tana dogara ne ga wanda ya san lokacin tashi da lokacin sauka. A kan wannan ne sauran bayanin shirin zai ginu.

Kiristocin ƙasar Haɗeja tsiraru ne, kuma da yawansu zuriyar ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka biyo layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa a zamanin cinikin gyaɗa, sai kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro daga Filato da Kudancin Kaduna da Gwambe da Adamawa, waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu. Akwai ikilisiyoyin ECWA, wadda ta samu tsayuwa da kanta a 1954 daga aikin mishan ta SIM da aka soma a 1893, akwai Angilika a ƙarƙashin Dayosis na Dutse, akwai kuma Katolika a ƙarƙashin Dayosis na Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kuma tun daga lokacin Zabura ta 23 ta zama cikin nassoshin da yara suke fara haddacewa a makarantar Lahadi, wadda matan Zumunta suke rerawa, wadda kuma ake karantawa a gefen gadon marar lafiya da bakin kabari.

Zaburar gajeriya ce, ayoyinta shida ne kawai, kuma kan maganarta ya danganta ta ga Dauda, wanda ya yi kiwon tumakin mahaifinsa a Baitalami kafin ya zama sarki. Marubucin ya sa kansa a matsayin tunkiya, ya kira Ubangiji makiyayinsa, sannan ya bi aikin makiyayi ɗaya bayan ɗaya: samar da ciyawa da wurin kwanciya, kai garke ga ruwa mai natsuwa, farfaɗo da wanda ya galabaita, bi da shi ta hanya madaidaiciya, da raka shi cikin kwari mai duhu da kulki da sanda a hannu. A ayoyi biyu na ƙarshe siffar ta sauya, Ubangiji ya zama mai masaukin baƙi da ke shimfiɗa wa baƙonsa abinci a kan idon maƙiyansa. Ƙasar da aka rubuta wannan a cikinta, wato tuddan Yahudiya, ta fi Haɗeja duwatsu da ƙarancin ruwa, amma makiyayinta ma yana rayuwa ne da bin ciyawa daga wuri zuwa wuri, kuma ya san kwazazzaban da ke bushe yau, gobe ruwan da aka yi a nesa ya cika su ba zato.

Maganar ruwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne mutumin fadama ya fi mai karatu na birni gane abin da ake faɗa. Ba kowane kwantaccen ruwa ne mai kyau ga dabba ba. A cikin kududdufan da ruwa ke bari idan ya janye akwai wasu ƙananan katantanwa da tsutsar hanta ke girma a jikinsu, sai 'ya'yan tsutsar su fito su manne a ciyawar bakin ruwa, wadda ita ce mafi kore da taushi a idon dabba. Tunkiyar da ta ci wannan ciyawa ba ta faɗuwa a ranar. Bayan makonni ne za a ga ta rame, gashinta ya dakushe, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, kuma idan ta kai hannun mahauci sai ya tarar hantar ta lalace. Irin wannan ruwa ne kuma ke sa wa yaran da ke wanka a cikinsa tsargiya. Gogaggen makiyayi yakan hana garkensa mashayar da ke kusa, ya wuce da su suna kuka zuwa wadda ta fi nisa, kuma babu yadda za a yi dabbar ta fahimci dalilinsa.

Malaman Kirista suna karanta ja-gorar Allah ta wannan fuska, wato cewa hani yana cikin tanadi, kuma ƙofar da aka rufe wa mai bi tana iya zama kulawa, ko da bai ga hikimarta ba a lokacin. Sai dai wannan koyarwa tana da haɗari idan ta faɗa bakin wanda bai iya ta ba, domin yana da sauƙi mai ƙoshi ya ce wa wanda gonarsa ta nutse ai alheri ne ya same shi. Nassin bai ba kowa izinin yi wa wani fassarar masifarsa ba. Da bakin mai wahalar kansa aka rubuta shi, kuma shi ne ya cancanci ya furta shi idan zuciyarsa ta kai.

Aya ta huɗu, wadda ke maganar kwari mai duhu, ita ce tsakiyar Zaburar, kuma masu sharhi sun daɗe da lura cewa a daidai nan ne marubucin ya daina ba da labarin Ubangiji ga wasu, ya juya yana magana da Shi kai tsaye. Bai ce za a kewaye masa kwarin ba, bai kuma ce za a cike shi ba. Abin da ya faɗa shi ne ba zai ji tsoro ba domin ba shi kaɗai yake tafiya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar kogi lokacin da garke zai ƙetare ya ga wannan da idonsa: shanu sukan taru a bakin ruwa suna ja da baya, sai makiyayi ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a ka, ya shiga ruwan da kansa yana kiran saniyar da ya san sauran suna bi, sannan a ga kawuna da ƙahoni sun jeru a bayansa, 'yan maruƙa kuma an ɗora su a kwale-kwale ko a kafaɗa. Ba a kora garke cikin kogi daga baya da duka, sai an shige masa gaba.

Wannan yana da nauyi a ƙasar da ta ga ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya cinye gonakin shinkafa da gero, ya rusa gidajen ƙasa, ya yanke hanyoyi, har matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da yashi domin tare shi daga shiga gari. Ruwan bai tambayi addinin mai gona ba. Saboda haka wa'azin da ya yaɗu a wasu majami'un birane, mai cewa mai bi na gaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, ba ya asara, kuma wanda ya yi asara bangaskiyarsa ce ko baikonsa ya gaza, wa'azi ne da ya ɗauki ayar farko ta Zaburar ya jefar da ta huɗu. Ba ya iya tsayuwa a gaban gwauruwar da ta yi addu'a, ta yi shuka a kan lokaci, ruwa kuma ya tafi da komai. A ɗaya gefen kuma, dogaron da ke sa mutum ya ƙi tashi daga bakin kogi bayan an yi shelar ruwa na zuwa, ko ya ƙi kai ɗansa asibiti, ko ya ƙi yi wa dabbobinsa rigakafi, shi ma bai dace da siffar ba, domin tunkiyar da ta dogara ga makiyayi ita ce wadda ke tashi idan an kira.

A Sabon Alkawari, sura ta 10 ta Bisharar Yohanna ta ɗauki wannan siffa ta ɗora a kan Yesu Almasihu, inda ya kira kansa makiyayi nagari, ya kuma bambanta kansa da ɓarawon da ke haura shinge da ɗan hayar da ke gudu idan kyarkeci ya taso. Alamar da aka bayar ta gane makiyayi na ainihi ita ce murya: yana kiran tumakinsa da sunayensu, suna bin sa, ba sa bin baƙo. Fulanin daji sun san wannan sarai, domin kowace saniya tana da sunan da aka raɗa mata bisa launinta ko zuriyar uwarta, kuma garkuna da dama sukan cakuɗe a mashaya ɗaya, amma da kowane makiyayi ya yi kiransa sai nasa su ware su bi shi. Maganar ɗan haya kuwa ta ƙara ma'ana a wannan zamani, tun da yawancin fari da annoba da satar shanu sun raba iyalai da yawa da dukiyarsu, har aka samu garkuna masu yawa da mallakar attajirai da ma'aikatan birni ne, samari kuma suna kiwon su a kan lada. Bai kamata a ɗauki nassin a matsayin zargi ga waɗannan samari ba, da yawansu sun fi masu dukiyar shan rana da sauro a kanta. Abin da nassin ke nunawa shi ne iyakar abin da lada ke iya saya, wato babu kuɗin da zai sa mutum ya ba da ransa domin dabbar da ba tasa ba.

A nan ne koyarwar Kirista ta keɓanta, domin Kiristoci sun gaskata cewa Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye saboda garkensa, ya kuma tashi daga matattu, abin da Musulunci bai yarda da shi ba, kuma mabiya addinan biyu a Haɗeja sun san wannan bambanci ba tare da ya hana su cin kasuwa ɗaya ba. Ga Kirista, wannan mutuwa ce hujjar dogaronsa, domin tana nuna masa cewa wanda yake bi ya riga shi shiga mafi duhun kwari. Shi ya sa siffar makiyayi ɗauke da rago a kafaɗa tana cikin tsofaffin zanen da Kiristoci suka bari, a maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, da kuma a bangon wani gidan ibada a Dura-Europos, a gaɓar Kogin Furat a ƙasar Siriya, wanda aka yi a wajajen shekara ta 240. Zanen yana nuni ne ga misalin da ke sura ta 15 ta Bisharar Luka, na mai tumaki ɗari da ya bar casa'in da tara ya tafi neman ɗayar da ta ɓace. Katolika suna keɓe Lahadi ta huɗu ta lokacin Ista domin tunawa da makiyayi nagari, kuma ranar tana faɗowa tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Mayu, wato a tsakar bazara, lokacin da farashin dusa ya hau, shanu kuma ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Akwai wani nassi da ba a cika karantawa ba kamar Zabura ta 23, alhali ya fi ta kusa da rikicin fadama, wato sura ta 34 ta littafin Annabi Ezekiyel, wanda yana cikin waɗanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Sarakunan ƙasashen gabas na wancan zamani, har da Hamurabi na Babila, sukan kira kansu makiyayan jama'a, sai Ezekiyel ya ɗauki wannan laƙabi ya tuhumi shugabannin Isra'ila da shi. Ya ce sun sha nono, sun sa ulu, sun yanka masu ƙiba, amma ba su yi jinyar marar lafiya ba, ba su ɗaure karyayye ba, ba su nemi ɓatacce ba, don haka Ubangiji zai karɓe garken daga hannunsu ya yi kiwon da kansa. Wannan tuhuma tana kan duk mai riƙe da sanda, fasto ne ko bishop, hakimi ne ko ardo ko shugaban ƙaramar hukuma, kuma ita ce ta sa Sabon Alkawari ya gargaɗi dattawan ikilisiya kada su yi kiwo domin ƙazamar riba ko nuna iko.

Sai dai annabin bai tsaya kan shugabanni ba, ya juya ga tumakin kansu, ya tuhumi ƙarfafa a cikinsu da cewa sukan ci mai kyau su tattake saura, su sha ruwa mai tsabta su gurɓata abin da ya rage da ƙafafunsu, su kuma ture raunana da kafaɗa da ƙaho. Da wuya a sami bayanin da ya fi wannan dacewa da halin da Kogin Haɗeja ke ciki. Tun da aka gina Dam ɗin Tiga a 1974 da na Calawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha na Kano, tafiyar kogin ta sauya, malalar damina da ke raya fadama ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe rassan kogi, ta hana ruwa isa wasu garuruwa ta kuma tura shi cikin gonakin wasu, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. Yawaitar injin ban-ruwa tun daga shekarun 1980 ta mai da bakin kogi lambuna, har wasu mashayu suka rufe, burtaloli kuma, wato hanyoyin da aka keɓe wa dabbobi, suka tsuke, duk da dokar keɓe wuraren kiwo da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1965. Wasu makiyaya su ma sukan saki garke cikin amfanin da ba a girbe ba, da dare, da makami a hannu, kuma Guri da Kiri Kasamma sun sha binne mutane daga ɓangarorin biyu saboda haka.

Wannan yana jefa wa Kirista wata tambaya da ba ta da daɗi. A sassa da dama na Nijeriya kalmar makiyayi ta koma abin tsoro a kunnen jama'a, kuma cikin Kiristocin da ke zaune a Haɗeja akwai waɗanda garuruwansu na asali suka ga zubar da jini a rikicin manoma da makiyaya, ba kuwa za a ce su manta ba. Amma yana da wuya mutum ya rera waƙar makiyayi nagari ranar Lahadi, ranar Litinin kuma ya ɗauki kowane yaro mai sanda da gora a matsayin abokin gaba, alhali rayuwar wannan yaron ce aka ara aka siffanta Ubangiji da ita, kuma bisa labarin Luka makiyaya masu kwana a daji ne aka fara yi wa albishir da haihuwar Almasihu. Dattawan fadama suna tuna lokacin da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, kuma a wasu ƙauyuka har yau ana yi.

Tanadin da Zabura ke maganarsa yana isowa ga mutanen wannan kwari ta hannun mutane ne, ta lokacin da ake sakin ruwa daga Tiga da Calawa da ko an sanar da na ƙasa kafin a saki, ta aikin gayya da injunan da ke sare kacalla, ta faɗin burtalin da aka shata da ko an bar shi yadda aka shata, ta ranar da masu sarauta suka tsayar domin shigowar garkuna bayan an kwashe amfani. Waɗannan al'amura ana yanke su ne a fadar hakimi, da majalisar masarauta, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofisoshin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma Kiristocin da ke aiki a can a matsayin injiniyoyi da likitocin dabbobi da malaman gona da 'yan sanda suna zama a teburi ɗaya da abokan aikinsu Musulmi lokacin da ake yanke su.